Marubuta, A Bar Boka Ya Huta

Makon jiya na ƙarasa wani littafin soyayya da na tura naira ɗari biyar aka jefa ni a zaurensa na WhatsApp. Kullum bayan sallar isha'i marubuciyar take sakin shafi guda, mu kuwa muna zaune kamar masu jiran rabon zakka. Labarin wani magidanci ne mai kirki, ba ya wasa da jam'i, matarsa ta so shi kamar ta haɗiye, 'ya'yansu uku. Rana ɗaya ya haɗu da wata a wajen biki, shi ke nan sai mutum ya juye. Ya daina cefane, ya daina kwana a gida, har mari ya kai wa uwar 'ya'yansa. Na yi ta bin labarin ina jiran a gaya mini abin da ya karye a zuciyar bawan Allahn nan. Sai a wajen shafi na saba'in aka ba ni amsa: ashe laya aka binne a maƙabarta. Aka kira malami ya yi ruƙiyya, mutumin ya yi aman wani baƙin abu, ya farka yana kuka yana tambayar ina matarsa. Ita kuma waccan ta haukace, aka gan ta a bakin kasuwa tana tsince-tsince a bola.

Zaure ya kaure da "Allah ya ƙara" da "maganinta ke nan". Ni kuwa ji na yi an yi mini sakiyar da ba ruwa. Kwana saba'in ina bin mutum, ashe babu kowa a cikin rigar.

Ba yau na fara karatun littattafan nan ba. Ina cikin 'yan matan da suka yi hayarsu a wajen mai teburin bakin makaranta, mu ɓoye a cikin littafin lissafi, mu karanta da tocila a ƙarƙashin bargo bayan an kashe fitilar ɗakin kwana. Da su na ƙware a karatun Hausar boko, ba da littafin aji ba. Saboda haka idan na yi ƙorafi, ƙorafin ɗan gida ne. Abin da yake damuna shi ne, mun iya hukunta maciyin amana a littafi, amma har yau ba mu cika damuwa da mu san shi ba.

Kada wani ya ce na musanta sihiri. Aya ta 102 a Suratul Baƙara ta ambaci abin da ake raba miji da matarsa da shi, kuma babu mai jayayya da wannan. Sai dai a hannun marubuci, boka ya zama ƙofar baya. Duk lokacin da labari ya kai inda ya kamata a tsaya a tambaya, "Me ya sa mutum mai hankali da sallah ya yi haka?", sai a tura wata tauraruwa ƙauye, ta hau dutse da rarrafe, ta shiga bukka da baya. Da zarar an binne laya, an wanke mijin tas. Bai zaɓi komai ba, bai yi ƙarya da saninsa ba, bai kalli idon matarsa ya shirya zance ba. Gawa ce ake juyawa. Wanda bai zaɓa ba kuwa ba shi da laifi, kuma ba shi da abin da zai koya mana.

A rayuwa ba haka abin yake zuwa ba, kuma matan da suke karanta littattafan nan sun fi kowa sani. Akwai wata 'yar gwaggona da ta girme ni, Yaya nake ce mata. Shekararta 14 da aure lokacin da ta fara zargi. Na tambaye ta, "Yaya, me kika gani?" Na zaci za ta ce janbaki a jikin riga ko baƙon turare, irin na littafi. Sai ta ce, "Ke dai bari. Tsire ne." Mutumin da sai a yi wata bai shigo da ko ƙuli-ƙuli ba, ya koma kullum da ƙunshin tsire ko balangu, yana wasa da yara fiye da da, yana tambayarta ko tana bukatar wani abu. Ta ce daren da ya fi kyautata mata shi ne daren da gabanta ya fi faɗuwa. Sai kuma wayar da take kwana a kan gado ta koma kife a aljihu, kiran da ake amsawa a falo ya koma sai an fita ƙofar gida saboda wai babu sabis.

Wannan ƙunshin tsiren ya fi layu goma. A cikinsa akwai mutumin da ya san yana cuta, yana jin nauyin abin, yana neman ya sayi kwanciyar hankalinsa da naira dubu biyu. Bai daina son matarsa ba, shi ya sa ma abin ya fi muni. Na daɗe ina neman irin wannan mijin a littattafanmu, sai jefi-jefi nake cin karo da shi.

Kuma mu Hausawa muna da wata taska da marubucin Faransa ko Rasha ba shi da ita. A wajensu, da zarar mai aure ya kalli wata, layi ya fito fili. Mu kuwa namiji yana da damar mata huɗu. Mai aure zai iya wanka ya fesa turare ya tafi zance, kuma bai saɓa wa Allah ba. To a ina neman aure yake ƙarewa, a ina neman mata yake farawa? A nan ne labari yake. Mutumin da ya shekara biyu yana hira da yarinya a mota, bai taɓa tura magabatansa ba, amma duk lokacin da zuciyarsa ta tuhume shi sai ya ce mata, "Ai aure zan yi, sunna ce." Mutumin da ya rage kuɗin cefane ya saya wa budurwa waya. Wanda ya rantse wa matarsa ranar da ta sayar da sarƙar gadonta ta ba shi jari cewa ba zai taɓa yi mata kishiya ba, yanzu kuma yana neman fatawar da za ta warware rantsuwar. Wanda duk matan garin bai ga ta aure ba sai aminiyar matarsa, wadda a ɗakin matar ya fara ganinta. Shari'a ba ta hana shi aurenta ba, amma kowace mace a unguwar ta san sunan abin da aka yi. Yadda irin wannan mutum yake yi wa kansa huɗuba, yadda yake jawo addini ya lulluɓe son zuciyarsa har shi kansa ya yarda, wannan kaɗai ya isa littafi guda. Maimakon haka sai a ba mu Alhaji mai ƙaton ciki da jajayen idanu, wanda tun shafin farko an rubuta masa "mugu" a goshi.

Ita kuwa ɗaya matar, ba a ma yi mata adalcin zama mutum. Kullum fara ce sol ta bilicin, da farcen kanti, da taunar cingam, uwarta kuma 'yar bin bokaye. Ba ta da ciwon kai, ba ta da ƙanin da take biya wa kuɗin makaranta. Alhali mun san su wane ne a zahiri. Sau da yawa bazawara ce da yara biyu, ta dawo gidan ubanta ta tarar an ba ƙaninta ɗakinta ya sa amarya, tana kwana a ɗakin tsohuwa, matan 'yan'uwa suna ƙirga lomarta. Yawan zawarawa a Kano ya kai har gwamnati ta shigo cikin maganar: a 2012 Hukumar Hisba ta fara aurar da su rukuni-rukuni, a watan Oktoban 2023 kuma aka ɗaura aure 1,800 a lokaci guda. Macen da take cikin wannan hali, idan mai aure ya tsaya da mota ya ce yana so, me kuke zaton za ta ce? Wataƙila ta san yana yi wa matarsa ƙarya. Wataƙila ita ma haka aka yi mata, ta san zafin abin, kuma duk da haka ta shiga motar. Ban ce ta kyauta ba. Cewa na yi ina so in zauna a cikin kanta na shafi goma, in ji yadda take lallashin kanta.

Inda alƙalamin marubutanmu ya fi rawa shi ne matar aure da ta karkace. Ko dai a yi ta shaiɗaniya tun daga zanen goyo, ko a kauce wa batun gaba ɗaya. Ba a cika nuna mana wadda ta tashi da tarbiyya ba, aka aurar da ita ga wanda ba ta so, ko mijin ya tafi Legas ko Saudiyya neman kuɗi sai shekara-shekara, ko yana gari amma rabon da ya tambaye ta "Ya jikinki?" tun haihuwar fari. Sai wata rana tsohon saurayi ya turo sallama a Facebook. Ta ƙi amsawa kwana uku. Ta amsa da "Wa alaikumus salam" kawai. Bayan wata guda ta lura tana duba wayar kafin ta duba tukunya. Ba ta fita ko ƙofar gida ba, amma ta san ta riga ta yi nisa. Wannan matakalar, taki bayan taki, ita ce abin da mai karatu take bukatar gani, domin a kan takin farko ne kawai ake iya juyawa cikin sauƙi.

Na san dalilin wannan tsoro, kuma ba na raina shi. Tun da littattafan nan suka bunƙasa a tsakiyar shekarun 1980 ake jifan marubutansu da ɓata tarbiyya. Masanin adabi Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, aka yi ta muhawara a jaridu a shekarun 1990, Abdalla Uba Adamu yana cikin masu kare su. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano, a 2007 kuma, zamanin shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin jihar mai suna A Daidaita Sahu, har ƙona littattafai aka yi a bainar jama'a. Wanda aka taɓa ƙona wa littafi dole ya riƙa waiwaye. Sai marubuci ya koyi dabarar kare kai: duk wanda ya yi laifi a labari a haukata shi, ko a sa masa ciwon da ba ya jin magani, ko mota ta bi ta kansa, don in an zo tuhuma a ce, "Ga shi nan, faɗakarwa na yi." Ba mu kaɗai ba ne. A 1857 an gurfanar da marubucin Faransa Gustave Flaubert a kotu a Paris saboda labarin wata matar likitan karkara da ta ci amanar mijinta, aka ce ya ci zarafin ɗabi'ar jama'a, kodayake kotu ta sallame shi.

Amma ga abin da yake ba ni mamaki. Mu da muke tsoron a ce mun tausaya wa mai laifi, a hannunmu akwai Suratu Yusuf, wadda Allah da kansa ya kira mafi kyawun labari. Yaro ɗan makarantar allo ya san matar Aziz. A duba yadda aka kawo ta. Ta kulle ƙofofi, ta yi kira, suka yi tsere zuwa ƙofa, ta yage rigarsa ta baya. Da suka yi kiciɓis da mijinta, nan take ta juya zance ta ɗora wa Annabi Yusuf, alaihis salam, laifi, kamar yadda mai tsoron tonon asiri yake yi. Matan gari suka ɗauki gulma, suna cewa so ya rufe mata ido. Abin ya yi mata ciwo, ta shirya musu walima, ta miƙa wa kowace wuƙa, ta sa ya fito. Da suka yanke hannayensu sai ta ce musu, to ga wanda kuke zargina a kansa. Wace mace ce ba ta gane wannan ba? Ga sha'awa, ga tsoro, ga girman kai, ga zafin gori, ga son a ce ba ita kaɗai ce mai rauni ba. Bayan shekaru, yana kurkuku, sarki ya tara matan ya tambaye su, ita da bakinta ta ce yanzu gaskiya ta bayyana, ni ce na neme shi. Ayar da ta biyo baya kaɗan, mai cewa ba na kuɓutar da kaina, lallai rai mai yawan umarni da mummuna ne, malamai irin su Ibn Kasir sun rinjayar da cewa maganarta ce. Babu boka a labarin nan. Ba a ce ta haukace ba, ba a ce an gan ta a bola ba. Ko sunanta ba a faɗa ba, Zulaiha da muke cewa daga wajen Alƙur'ani ya zo. An bar ta da laifinta da ikirarinta, kuma babu wanda ya taɓa karanta surar ya fito yana sha'awar abin da ta aikata.

Wata ƙawata malamar makaranta ta ce mini, "Ke kina magana ne a matsayin babba. 'Yar shekara 15 fa? In aka sa ta ji tausayin mazinaciya, ai an sauƙaƙa mata abin." Na ɗauki maganarta da nauyi, domin ni ma uwa ce. Sai dai na roƙe ta ta buɗe wayar ɗalibanta ta ga abin da yake sa zunubi ya yi zaƙi a littattafan yanzu. Shafi saba'in ana zayyana otal, da Dubai, da motar da ko sunanta marubuciyar ba ta iya rubutawa daidai ba, da abin da ya faru a gado filla-filla ba kunya, sannan a shafi uku na ƙarshe a kawo hauka da nadama. Yarinya ba wawiya ba ce, ta san wane ɓangare aka rubuta da ɗoki. Kuma idan duk maciyar amanar da ta taɓa karantawa mai bin boka ce mai taunar cingam, ranar da nata gwajin ya zo cikin sallama da ladabi, daga mutumin da yake tambayarta ko ta ci abinci, ba za ta gane shi ba. Za ta ce ai ni ba irin waɗancan ba ce.

Uwargidan labari ma tana bukatar a cece ta daga hannun masu sonta. An mai da ita buhun haƙuri: a mare ta ta ce Allah ya huci zuciyarka, a kore ta ta tafi tana yi masa addu'a. Ba ta taɓa jin daɗi a ɓoye don kishiya ta ƙona miya ba, ba ta taɓa huce haushin uba a kan ɗa ba, ba ta taɓa kwana tana saƙa mugun abu ta tashi tana istigfari ba. In kuma ba a yi ta waliyyiya ba, sai a yi ta ƙazama, don a ce ita ta jawo. Daga nan sai ka ga labari ya tsaya cak, an shiga tallar kayan mata da lambar waya a ƙasa, kamar duk abin da yake raba aure a duniya a cikin kwalbar tsimi maganinsa yake. Na kan yi dariya, amma dariyar takaici ce.

An taɓa yin abin da ya fi haka, kuma a cikin gida. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 1990, Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Shi ma akwai hukunci a ciki, gobara ta cinye dukiyar maigidan, Alhaji Abdu. Amma abin da ya zauna mini a rai shi ne matarsa Rabi, wadda aka kora da 'ya'ya tara, ta kama sayar da abinci ta tsaya da ƙafarta, sannan da duniya ta juya wa mijin baya aka taru a kanta sai ta koma. Na rufe littafin ban san ko murna zan yi mata ko kuka ba. Shekaru sun wuce, har yau ina tuna ta kamar wata maƙwabciya.

Ba na mantawa da halin da marubutan yanzu suke ciki. Wadda take buga labari da babban yatsa a waya, tsakanin girki da wankin yara, dole ta fitar da shafi kullum ko masu biya su yi mata ca. Kafin gari ya waye wani ya kwafe ya watsa kyauta, wani ya karanta a YouTube yana karɓar kuɗi ba da izininta ba. Mu masu karatu kuma mu ne muke cika zaure da "Don Allah a kashe ta", "Kada ki bari ya sha". Mai sayarwa yana kallon bakin mai saye. Duk da haka ban yarda zurfi yana bukatar ƙarin lokaci ko ƙarin shafi ba. Wanda ya iya ɓata shafi biyu wajen lissafa akwatunan lefe zai iya ba da layi biyar ga mutumin da ya tsaya a ƙofar gidansa da ƙunshin tsire, yana goge saƙonni kafin ya yi sallama.

Yaya ba ta fita ba. Shi ma bai auri waccan ba, abin ya mutu da kansa bayan kusan shekara, babu malami, babu aman baƙin abu. Bai taɓa amsa laifi da baki ba, ita ma ba ta taɓa cewa ta yafe ba. Kwanaki na je gidan na tarar tana kankare ƙanzon shinkafa tana zubawa a ɗan kwano daban, ta rufe. Na ce, "Yaya, na wa?" Ta ce, "Na Abban yara ne, ka san shi da ƙanzo." Sai ta gyara, "kin san shi." Muka yi dariya. Can da muka zauna na tambaye ta abin da ya fi yi mata ciwo a duk abin da ya faru. Ta daɗe tana kallon kwanon. Ta ce akwai wani suna da yake kiranta da shi tun suna saurayi da budurwa, wanda ko mahaifiyarta ba ta sani ba, shi ta gani a saƙon da ya tura wa yarinyar.

"Har yanzu yana kiran ki da shi?"

"Ya gwada sau ɗaya," in ji ta. "Na yi kamar ban ji ba."

Ta miƙe ta ɗora kwanon a kan murfin tukunya don kada ya huce.